Da Muryata Aka Yi Tallan Kirifto

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Masallacin Juma'a na unguwarmu, Anacha.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Allah ya ƙara girma.

Ni ne Malam Sule, ladaninku. Na je gidanka, na same ka a shago, na kama ƙafa da Liman, kullum amsar ɗaya ce: in yi haƙuri maganar ta lafa. Ba ta lafa ba, ranka ya daɗe, a kaina ta tare. Shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Gab da azumin bara wani baƙo ya sa wa masallaci sola, ya sauya mana lasifika. Ranar Juma'a bayan sallama ka miƙo mini sanarwarsa ka ce in karanta. Kowa ya san tsarinmu: abin da kwamiti ya miƙo, ɗaurin aure ne ko jana'iza, ladan ba ya tambayar ba'asi. Na karanta cewa ga harkar kirifto, wato kuɗin intanet, ta halal a manhajar waya, riba tabbatacciya duk mako, babu faɗuwa. Na rufe da addu'a kamar yadda nake rufe kowace sanarwa. Ashe mutumin yana cikin sahu yana naɗa a wayarsa.

Na biyu. Muryar nan ta zaga guruf-guruf na wayar salula, daga nan zuwa Fatakwal da Inugu, har ƙauyenmu ta isa, an yanke wurin da na ce saƙon kwamiti ne. Yawancin mutanenmu ba masu karanta rubutun manhaja ba ne, da kunne suke yarda. Sun ji muryar da ke tashinsu sallar asuba tana sa albarka, suka zuba kuɗinsu, kuɗin suka salwanta. Ni kuwa wallahi ko kwabo ban karɓa ba, wayata ma ba ta ɗaukar manhajar.

Na uku, shi ne abin da ke hana ni sukuni. Ka san Malam Hudu, ɗan dako a kasuwar Ochanja, wanda a da yake zama daidai bayana a sahun farko in ina kiran salla. Ya sayar da baronsa ya haɗa da guzurin komawa gida, ya zuba duka. Yau hayar baro yake yi. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ya gaya wa maƙwabcinsa kawai shi ne, in ya ji kiran sallata gabansa faɗuwa yake yi. Yanzu dattijon nan yakan wuce ƙofarmu ya taka har wani masallaci mai nisa. Wannan ya ƙona mini rai, kuma yana ci gaba da ƙona shi.

Na huɗu. Daga baya na zauna da 'yan canjin babbar kasuwa waɗanda suka san harkar. Sun ce kirifto na gaskiya ma hawa yake yana sauka, duk wanda ya yi maka rantsuwar riba tabbatacciya ƙarya yake. Lambobin da ke ƙaruwa a fuskar waya ba kuɗi ba ne sai sun shigo hannunka. In aka ce sai ka kawo mutane za a ƙara maka, to da kuɗinsu ake biyanka. In ka zo cira aka ce sai ka biya kuɗin buɗewa, an riga an gama da kai. Duk wannan ya faru a gabanmu. Alhaji, shagonka yana layi ɗaya da 'yan canjin nan. Da an tambaye su kafin a miƙo mini takarda, da ba mu kai nan ba, amma hasken sola ya ɗauke mana hankali.

Kuma abin bai ƙare ba. Yanzu wasu na kiran waɗanda aka cuta, wai za su ƙwato musu dukiyarsu in sun biya kuɗin aiki. An ce Malam Hudu yana neman rance saboda su. Shirun kwamiti ne ya ba su fili.

Roƙona kaɗan ne. Ka tashi da kanka ranar Juma'a ka faɗa wa jama'a cewa kwamiti ne ya ba ni sanarwar, ba tare da bincike ba. A naɗi maganar, a tura ta duk inda ta farko ta je, tare da gargaɗi kan masu cewa za su ƙwato kuɗi. A haɗa waɗanda abin ya shafa a kai ƙara wurin hukuma. Daga yau kuma kada a sake tallan wata harkar kuɗi a lasifikar masallaci, ko da mai ita ya gina mana bene.

Ban nemi a cire kowa daga kujerarsa ba. Ba ni da shago, ba ni da shanu, muryar nan ita ce abin da na zo da shi kudu. Ina so in kira salla, in waiwaya in ga Malam Hudu a bayana.

Allah ya ba ka ikon faɗin gaskiya, ya tsare maka mutuncinka, ya mayar wa waɗanda aka cuta da mafi alheri.

Wassalam.

Malam Sule Ladan, Anacha.