Zumar da Ta Kwanta a Gindin Kwano

Zuwa ga Yaya Mamman, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, karatu yana tafiya daidai. Ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka, tun da ko kana gida ban cika iya haɗa ido da kai ba. Abu ne ya faru da butarka ta shayi, kuma gara ka ji daga bakina kafin Inna ta ƙara masa gishiri.

Tun da ka tafi, majalisar ƙofar gidanmu ta fara watsewa. Babu mai dafa shayi, sai abokan Baba suka riƙa zarcewa wurin mai shayin tasha. Kullum da la'asar Baba yana shimfiɗa babbar tabarma, ya zauna a gefe guda, ya bar sauran wurin. Rediyo kawai yake ƙara wa murya.

Na gwada dafawa yadda kake yi. Na ɗaga buta sama don in yi kumfa, rabin shayin ya sauka a ƙafata, rabi a kan kazar Inna. Inna ta kulle gwangwanin sukari, ta ce wanda ka sha kafin ka tafi ya ishi gidan nan har jikoki.

Sai na tuna malamarmu ta kolej ta taɓa cewa a wasu wurare ana shan shayi da ƙanƙara, kuma zuma ta fi sukari. Ga zafin bazara, ga kwalbar zumar da Malam Jaɓɓi, aminin Baba mai shanu, ya kawo daga Dumega. Na dafa ganyen da na'ana'a, na tace a babban kwano, na bari ya huce, na fasa ƙanƙarar da na sayo a maƙwabta na zuba. Daga ƙarshe na tsiyaya zumar. Ban san zuma ba ta narkewa a ruwan sanyi ba. Ta nutse ta kwanta a gindin kwanon abinta.

Ranar kuwa Baffa Gado, wan Baba, ya zo daga Matankari, Malam Jaɓɓi ya rako shi. Na kai kwanon zaure, na durƙusa na gaishe su, na gudo bayan zana na laɓe.

Ka san babba ake fara ba. Baba ya ɗebi na sama ya miƙa wa Baffa. Baffa ya taɓa kofin, ya dubi Baba, ya ce, "Isa, shayin jiya ka aje mini? Mi na yi maka?" Baba ya rantse yanzu aka dafa. Baffa ya kurɓa, ya runtse ido, ya ce ko maganin shawara da ya sha yana yaro bai kai wannan ɗaci ba. Ni kam na fara shirin komawa gidan kaka da zama.

Baba ya sha na tsakiya, ya ce ba laifi. Malam Jaɓɓi, da yake shi ne ƙarami, ya sami na ƙasa. Ya sha, ya sa yatsa ya lashe kofin. Ya ce, "Baffa, kai dai bakinka ad da ɗaci. Wanga ko a gidan suna ban sha irinai ba." Suka yi ta musu har Baffa ya karɓe kwanon ya kafa kai a sauran.

Da ya sauke, sai ya share gemu, ya yanke hukunci: ɗiyar Isa ta haɗa zagaye uku na shayi a kwano ɗaya, mai ɗaci a sama, matsakaici a tsakiya, mai zaƙi a ƙasa, kuma wannan shi ne amfanin lakwal, wato karatun boko. Yaya, wallahi ban yi niyya ba.

Kafin Juma'a labari ya kai tasha. Yanzu tabarmar Baba ba ta isa, sai an ƙara ta Inna. Matsalar ɗaya ce: ba wanda yake son a fara ba shi. Mutanen da ka sani da gardamar wa ya girmi wa, yanzu kowa yana rantsuwa shi ne yaro. Jiya Baffa Gado, da furfurarsa da sandarsa, ya ce shi bai tabbata ya girmi Baba ba, a je a tambayi tsofaffin Matankari. Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Rabon da in ji wannan dariyar tun ranar da aka raka ka mota.

Na gaya wa malamarmu, ta ce a narkar da zumar tun shayin yana da ɗumi, sai zaƙin ya game ko'ina. Na gode mata sosai. Amma na yi shawara da kaina, ba zan juya zumar ba.

Duk da haka ba kamar naka ba ne. Ina kewar ƙarar zubin da kake yi daga sama, da kofin ƙarshe da kake miƙo mini ta ramin zana, kana cewa, "Karɓi, 'yar boko, kada Inna ta gani." Butarka tana nan, na wanke ta, ta ɗan lotsa a gefe amma kazar Inna ce ta jawo, ranar da shayin ya zubo mata.

Allah ya buɗa maka karatu, ya tsare ka daga sharrin birni, ya dawo mana da kai lafiya. Idan ka dawo, kai zan ba kofin ƙasa, ko da Baffa zai yi fushi. In wannan wasiƙar ba ta dame ka ba, ka ba ni izini in riƙa rubuto maka, don a takarda na fi iya magana.

Ƙanwarka,
Balkisa