Tallan da ba a dannawa

Kankia, daren Laraba

Yau na duba tallan shagona a waya sau ba adadi. Ana gani, ba a dannawa. Yaya Sani ya kira daga Kano, wai akwai ma'aunin da masu kayan kwamfuta ke bi: cikin masu gani ɗari, ga adadin da ya kamata su danna. Nawa ko kusa bai kai ba. Ya ce in sauke shi gobe. Raina ya ɓaci, na kasa cin tuwo.

Amma da la'asar wani malamin makaranta ya zo tun daga Mawashi, ya nuna mini hoton tallan a wayarsa, yana neman batirin laftof. Na ce, "Malam, ka danna kuwa?"

Ya ce, "In danna 'yan damfara su kwashe ni? Hoto na ɗauka, na hawo mashin in gan ka ido da ido."

Shi ne na uku a satin nan da ya zo da hoton tallan.

To yanzu in sauke ko in bari? Ma'aunin Yaya yatsu yake ƙirgawa. Mutanenmu da ƙafa suke zuwa.