Shekarun Gajere

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da yara, kuma ciwon ƙafar nan ya sake ki. Ni ne ƙaninki Gajere. Ina raye, ina gidan yari, ɓangaren manya.

Ranar da sojoji suka kama mu, an tambaye ni shekaruna, na ce ashirin. Yaya, a daji haka muka koya. Duk wanda ya ce shi yaro ne, shi ake turawa gaba ya taka hanya a ga ko an binne bam. Kowa sai ya ƙara wa kansa shekaru, har bakina ya saba. Ashe a nan abin a juye yake. Lauyar da aka ba ni ta ce yaron da aka sace aka ɗora wa bindiga, doka tana ganinsa a matsayin wanda aka zalunta, gidan gyaran hali ake kai shi. Babba kuwa shari'ar kisan kai za a yi masa. Inna da Baba sun rasu, gidanmu ya ƙone da komai. Ke kaɗai kika rage da za ki gaya wa alƙali cewa shekarata sha uku aka ɗauke ni daga gona.

Na san abin da ke tsakaninmu. Duk da haka ina roƙonki ki zo.

Ƙaninki,
Gajere

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Yaya ƙarfin jiki? Ban ga amsa ba, na ce wa kaina wataƙila kun tashi daga gidan.

An kawo likita ya buɗe min baki ya duba haƙora kamar mai sayen akuya, ya ɗauki hoton ƙashin hannuna. Ya ce ina tsakanin sha bakwai da ashirin da ɗaya. Ko ni da ban yi karatun likita ba zan iya faɗin haka. An sake ɗage zaman kotu, ni kuma jikina bai san ana shari'a ba. Ke da kike min tsiya ba zan taɓa wuce tsayin turmi ba, yanzu sai na sunkuya nake shiga ƙofar ɗaki. Gashin baki ma ya fito. Wani tsohon wanzami da ke tsare tare da mu yakan aske min shi kafin kowane zama.

Ɗakin cike yake, a gefe ɗaya muke kwana don matsi, amma ba ni da abokin hira. Ɗan daji suke kirana, suna janye tabarmarsu. Kewa tana damuna, Yaya.

Naki,
Gajere

Yayata,

Bayan gaisuwa, ina fata kin koma gida lafiya.

Da na hango ki a kotu na ɗauka wasiƙata ce ta kawo ki, sai na ga mai gabatar da ƙara ne ya kira ki. Kika faɗi yadda mutanen daji suka shiga unguwa aka kashe mijinki, kika gan ni tsaye a ƙofar shagonsa da bindiga. Ba ki ce ni na harba ba, ba ki kuma wanke ni ba. Da ya tambaye ki ko kin tabbata ni ne, kika ce ina za ki kasa gane yaron da kika goya, wanda a ranar bai cika sha huɗu ba, bindigar ma tana bugun gwiwarsa in yana tafiya. Lauyata ta miƙe tun kafin ki rufe baki. Ban sani ba ko da gangan kika faɗa ko fushi ne ya fito da shi. Har kika fita ba ki dube ni ba, kuma ban ga laifinki ba.

Alƙali ya ce yaro ne ni lokacin da abin ya faru. Jiya aka kawo ni gidan gyaran hali. Akwai gado, akwai taga, za a koya min aikin kafinta. Shugabar gidan ta ce ba a sallamar yaro sai da ɗan'uwan da zai karɓe shi, ta tambaye ni wa nake da shi. Na ce ta ba ni lokaci in tambaya.

Ban ba ta sunanki ba, Yaya. In kin ce kada in bayar, zan ce mata ba ni da kowa.

Ƙaninki har kullum,
Gajere