Auta Tana Kulle, Inna Ta Daina Cin Abinci

Zuwa ga Baban Tagwai, mai wannan fili,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan Allah Ya ƙara wa alƙalaminka kaifi, ina roƙonka ka agaje ni. Na shiga wani hali wanda in na faɗa wa abokai su yi dariya, in na ɓoye shi kuma ba mai ba ni shawara. Maganar kyanwa ce. Kada ka ajiye takardar tukuna, Malam. Ka daure ka kai ƙarshe, za ka tarar akwai mutum a cikinta.

Ni akawu ne a tashar jirgin ƙasa, ina zaune a Makera, furfura ta fara leƙo mini a gemu. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, na ɗauko ta daga Kazaure bayan rasuwar mahaifinmu. Mace ce wadda a zamaninta hayaƙi ba ya yankewa a madafinta, ta ciyar da gida da baƙinsa da baƙin baƙinsa. Yanzu yanar ido ta rufe mata gani, ba ta bambance komai sai haske da duhu, maiɗakina kuma ta karɓe mata girki don tausayi. Da ta iso Kaduna ba ta san kowa ba, kukan jirgi ma firgita ta yake yi. Tana zaune a tabarma kamar wadda aka manta da ita, sai ga wata 'yar kyanwa fara mai baƙin kunne ta ɓullo daga bayan randa, ta hau cinyarta ta kwanta. Inna ta shafa ta, ta sa mata suna Auta. Tun daga ranar, duk abin da Inna za ta kai baki sai ta raba shi biyu: fura da nono da sukari, tuwon da ta dama da miya, alkaki, har zumar da ƙanwata take aiko mata daga gida a cikin 'yar gora, sai ta lakata a yatsa ta miƙa. Auta ta yi ƙiba har ɓeraye suka daina ganin girmanta.

Da damina ta bana abu ya juya. Auta ta kama shan ruwa kamar raƙumin da ya ratso sahara, ga ci ba ƙoshi, ga rama tana bin ta har ƙashin bayanta ya fito kamar haƙoran zarto. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ranar da na ga kiyashi sun yi dandazo a kan fitsarinta. Na saka ta a kwando, na ɗaure a bayan keke, na haye gada zuwa asibitin dabbobi. Masu shanu da dawaki da na tarar a wurin suka yi ta kallona, wani har yana tambaya ko layya zan yi da ita. Amma wani ma'aikaci mai suna Benson, mutumin Gabas mai sanyin hali, bai yi dariya ba. Ya dafa fitsarin a 'yar kwalba tare da wani ruwa shuɗi, ina kallo ya rikiɗe ya koma launin jar ƙasa. Shi da wani Baturen likita suka tabbatar mini ciwon sukari ne, irin wanda yake kama mutane.

Suka ba ni maganin allura da ake kira insulin, suka ce samunsa da wuya, in riƙe shi da hannu biyu. Benson ya koya mini yadda zan tafasa allurar, in ɗaga fatar wuyanta in soka kowace safiya. Kwalbar tana binne a cikin jiƙaƙƙen yashin ƙarƙashin randa don sanyi. Ya kuma kafa mini doka: ba fura, ba tuwo, ba zaƙi kowane iri, sai nama da kifi, a kan lokaci, da awo. Kuma kada ta fita yawo, domin akwai maƙwabciyarmu Celina mai sayar da shayi, wadda ta saba jiƙa mata burodi da madarar gwangwani, ba don mugunta ba, don ƙauna.

To, Malam, ga inda ƙasa ta tsage. Na kulle Auta a ɗakin ajiya, na hana kowa ba ta komai sai ni. Ni kuwa da sassafe nake fita aiki, sai yamma nake komowa. Wuni guda tana kuka tana yakushin ƙyaure, Inna kuma tana zaune a bakin ƙofar tana amsa mata. Da na komo, Inna ta kira ni da sunan da ba ta kira ni da shi ba tun ina yaro, ta tambaye ni ko bokon da na yi ne ya goge mini abin da malamai suke karantarwa game da matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba, har wannan ya kai ta wuta. Ta ce ba ta goya ni don in zama abokin tafiyar waccan mata ba. Na yi bayani, ta ce Benson ɗin nan shi zai tsaya mini a gaban Ubangiji? Na kama ta tana tura gutsuren alkaki ta ƙarƙashin ƙofa da sandarta. Na ɗauke gorar zuma na ɓoye a saman katanga, Allah Ya yafe mini, domin na san ba za ta gan ta ba.

Tun daga wannan rana Inna ta daina ci. Duk kwanon da aka kai mata sai ta laluba murfi ta mayar, ta ce ba za ta ƙoshi a gidan da Auta take kwana da yunwa ba. Ruwa kawai take sha, sai ɗan kunu in maiɗakina ta yi mata kuka. Jiya ta ce in sa su a jirgi ita da 'yarta Auta, su koma inda ake tsoron Allah.

Ni mutum ne mai ɗan taɓa waƙa, in zuciya ta cika sai ta malalo ta nan. Ga abin da na rubuta a bayan takardar ofis:

Auta ta rame, idonta na kan ƙwarya,
Inna ta ce zunubi ne, ba ta ƙarya,
Likita ya ce zaƙi ajali ne, in kiyaya,
Ni ɗan tsakani, ya Rabbu, ina hanya?

In na buɗe ƙofa, na kashe Auta da hannun wadda ta fi kowa son ta, kuma na san Inna ba za ta daɗe a bayanta ba. In na bar ta a kulle, ina kallon uwata tana narkewa kamar man shanu a rana, tana fushi da ni. Wane ɗa ne zai yi barci uwarsa tana fushi da shi? Kuma kada in ɓoye maka, maganar waccan mata ta fara shiga ni. Ka faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Naka cikin zullumi,
Ɗan Inna, Makera.

*

Ɗan Inna,

Ban yi dariya ba. Baitinka na uku yana ɗingishi, amma wannan mu bar shi sai Inna ta ci abinci.

Na kai maganarka wurin wani likitan dabbobi, na kuma kai ta wurin wani malami da nake ɗaukar karatu a zaurensa. Abin mamaki, ba su saɓa wa juna ba. Malamin ya ce laifin waccan mata shi ne ta tsare kyanwa ta hana ta ci har ta mutu, wanda kuwa ya tsare dabba don jinya, yana ba ta abin da zai rayar da ita, lada yake samu. Saboda haka ka cire wannan tsoro daga ranka. Benson yana da gaskiya, fura da alkaki za su kashe Auta.

Amma Inna ma tana da tata gaskiyar, kuma ba ƙarama ba ce. Kyanwa mai wannan ciwo yunwa takan ci ta ƙwarai, barin ta wuni guda ba ci bayan an yi mata allura kuwa haɗari ne, in ji likitan. Benson ya ce ka canza abinci ka tsare lokaci. Bai ce ka kulle ta a ɗakin duhu ka tafi da mabuɗi ba. Wannan ƙarin naka ne. Kuma ka duba da kyau: mace ce da ta ƙare rayuwarta tana ciyarwa, an karɓe mata tukunya, ido ya tafi, baki ɗaya ne ya rage mata a duniya wanda take sa wa abinci, kai kuma ka zo ka karɓe shi. Ba yunwar Auta kaɗai take wa kuka ba.

Ga abin da za ka yi. Yau ɗin nan ka buɗe ɗakin ajiya, ka mayar da Auta ɗakin Inna, da kaskon yashi don fitsarinta da ruwa mai yawa wanda ba a hana ta. Ka toshe hanyar da take bi ta fita waje. Ka durƙusa ka ba Inna haƙuri ba tare da kawo hujja ba. Sa'an nan ka roƙe ta ta karɓi aikin ciyarwa, ka ce kai ka kasa, domin lallai ka kasa. Maiɗakinka ta riƙa dafa nama ko kifi ba gishiri ba yaji, ta cire ƙaya, ta kasa a 'yan kwanoni gwargwadon awon da Benson ya faɗa, a jera su inda hannun Inna zai kai. Ba ta bukatar agogo, kiran salla ya ishe ta, kuma ba a taɓa yin akawun da ya fi tsohuwa tsare lokacin salla ba. Da safe ita za ta fara ba ta ci a cinyarta, kai kuma ka yi allura a bayan haka. Ranar da Auta ta ƙi ci, kada ka soka, ka nemi Benson tukuna.

Ka sauko da gorar zuma daga katanga ka danƙa mata a hannu. Likitan ya ce wani lokaci allura takan fi ƙarfin jiki, sai kyanwa ta kama rawar jiki ko tangaɗi, ko ta yi laushi kamar tsumma. A wannan hali kaɗai, a shafa mata zuma a dadashi da yatsa, ba ɗura ba, a garzaya da ita asibiti. Kai kana ofis a lokacin da wannan zai iya faruwa. Wadda Auta take kwance a cinyarta ita za ta fara jin rawar, tun kafin mai ido ya gani. Ka faɗa wa Inna haka: zumar ba a haramta ta ba, an mayar da ita magani, kuma ita ce mai ajiyarsa.

In maganar zunubi ta ci gaba da damun ta, kada ka yi musu da ita. Ka gayyato limamin unguwarku ya gaishe ta, za ta ji daga bakinsa abin da ba za ta ji daga bakin ɗan da ta goya ba. Celina kuma ka je da kanka ka gode mata, ka ce in tana son yi wa Auta alheri, ta aiko da ɗan kifi ta hannun Inna.

Ba zan ruɗe ka ba, wannan ciwo lallaɓa shi ake yi, kuma kwanan Auta yana hannun Wanda Ya halicce ta. Amma ko da yawa ko kaɗan, ta yi su a cinyar mai son ta. Abu na farko kuwa shi ne tsohuwa ta ci abinci. In ta ƙi ko bayan an buɗe ƙofa, ita za ka fara kaiwa asibiti. Ina kyautata zaton ba za a kai ga haka ba. Ka kai kwano biyu ɗakinta, ka sa na Auta a hannunta, ka ajiye nata a gefe a buɗe, ka fita ka bar su.

Allah Ya ba Auta sauƙi, Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya sa ta shi maka albarka da bakin da ya ƙoshi.

Baban Tagwai.