Babana Ya Kashe Kifin Lawban, Kuma Bai San Ya Yi Laifi Ba

Assalamu alaikum Anti Saude. Don girman Allah ki taimaka min da shawara, kuma ki hanzarta, domin ranar Lahadi mai zuwa abin zai fashe, ni kuwa na rasa ta inda zan ɓullo masa.

Ni 'yar Yauri ce, aure ya kai ni Kano, neman abinci kuma ya kawo mu Guangzhou ta ƙasar China ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu, Firdausi da Salihu. A unguwar Dengfeng muke zaune. Shi harkar tura kaya gida yake yi, aiki mai cin rai, waya ba ta barin kunnensa, har ta kai hawan jini ya fara leƙo shi. Bara sai ya samo wani abu da ya kwantar masa da hankali, wato kamun kifi. Akwai wani tafki can bayan gari, na wani dattijo ɗan ƙasar nan da kowa ke kira Lawban, kamar yadda ake kiran duk mai wuri a nan. Wani kifi suke kamawa wai shi bas, yana kama da ƙaramin giwan ruwa, ga baki wawakeke.

Anti, sai kin ga kayan aikin! Sanda siririya mai tsada, da wani keken naɗe zare, da akwati guda cike da tana ta roba da kwaɗon roba kala-kala, har da mai ƙyalƙyali. Ƙugiyar ma an danne mata haƙori wai don kar ta ji wa kifi ciwo. Ga shi yanzu sanyi ya wuce, garin ya rikice: yau zafi, gobe ruwa da iska mai sanyi, jibi bango da tayil su yi ta zufa, wanki ya ƙi bushewa. Shi kuwa kullum idonsa na kan hasashen yanayi a waya. Wai idan ruwa ya yi ɗumi kifin yana matsowa gaɓa don ya yi ƙwai, idan sanyi ya dawo sai ya nutse ƙasa ya ƙi cin komai. Duk na yarda. Abin da ya fi ƙarfin kaina shi ne, in ya sha wahala ya kamo kifin, sai ya ɗaga shi a ɗauki hoto, ya lallaɓa shi ya mayar ruwa. Dokar tafkin ke nan, ba a tafiya da kifi gida. A hanyar dawowa kuma sai mu tsaya kasuwa mu sayi kifin miya. Ni da na tashi a gidan masunta, wallahi har yau in na tuna sai na yi dariya.

To ga inda matsalar take. Yayana Abdulƙadir ya zo baje kolin Pazhou da ake yi a nan garin, sai ya taho mana da Babanmu don ya ga jikokinsa ya kuma sha iska. Baba masunci ne tun tasowarsa, amma tunda Innarmu ta rasu bara bai sake shiga ruwa ba. Ya rame, ya daina hira. Da ya zo nan ma zama kawai yake yi bakin taga yana kallon mutane, abinci sai an yi da gaske. Ni na kawo shawarar mu kai shi tafkin ranar Lahadi, mu tafi da yara da tabarma da kular shinkafa. Maigidana ya amince, amma ya ce in yi wa Baba bayanin dokar, domin kin san shi ba zai iya tsayawa gaban surukinsa yana gindaya masa sharaɗi ba, ko ido ba sa haɗawa. Na ce to. Amma da na zo gaban Baba sai bakina ya yi nauyi. Ta yaya zan ce wa mutumin da ya ciyar da mu da sana'ar su, wai in ya kama kifi ya sake shi? Na ce a raina ai da wannan tanar roba ba abin da zai kama, a wuce wurin.

Ranar an tashi da rana mai daɗi bayan an sha ruwa. Muna isa, saboda kunyar surukai, maigidana ya ɗauki sandarsa ya yi can ƙarshen tafkin, Baba ya yi wancan ƙarshen, ni da yara muna tsakiya muna shimfiɗa. Baba ya juya tanar robar nan, ya sunsuna ta, ya ajiye. Ashe ya tona gindin wata bishiya ya samo tana ta gaske, ya kwance zaren daga sandar da aka ba shi ya naɗe a hannu. Ban ankara ba sai ihun Salihu na ji. Kafin in iso Baba ya fito da manya biyu, ya yi bismilla ya ƙwala wa kowanne itace a ka, kamar yadda ya saba yi duk rayuwarsa.

Wayyo Anti, ki ga fuskar Lawban da ya iso! Babbar cikin biyun mace ce cike da ƙwai, kuma daga baya na ji cewa shi ya raine ta tun tana ƙarama, duk masu zuwa wurin sun san ta, da yawa suna da hotonta. Baba kuwa sai ya ɗauki babbar da hannu biyu, ya rusuna ya miƙa masa, wai rabon mai ruwa. Lawban ya yi ta kaɗa hannu yana ja da baya. Baba ya ɗauka kara ce ya yi masa, ya yi ta sa masa albarka da Hausa, yana cewa ashe a China ma akwai mutanen kirki haka. Maigidana ya tsaya daga nesa kamar an dasa shi, zufa na keto masa. Muka dawo gida na yi farfesu. Baba ya ci har da ƙari, shi kuwa maigidan da ƙyar ya haɗiyi loma biyu.

Washegari maigidana ya koma tafkin shi kaɗai ya ba da haƙuri. Lawban ya ce ya yafe saboda tsufa, kuma tsohon yana iya dawowa, amma in aka sake kashe masa kifi, to mu duka kar ya ƙara ganinmu.

Abin da ya ɗaure ni shi ne, Baba ya dawo Babanmu na da. Yana dariya, yana cin abinci, ya buga waya Yauri ya ba kowa labari. Kuma ashe ranar ya hango maigidana yana mayar da kifi ruwa, sai ya ɗauka kuɓuce masa suke yi. Ya kira ni gefe cikin tausayi ya ce mijina mutumin kirki ne amma hannunsa ba na masunci ba ne, shi ya sa nake sayen kifi a kasuwa. Ya sa na sayo masa zare, yanzu haka yana zaune yana saƙa birgi, irin komar nan da ake jefawa, wai ranar Lahadi zai cika mana firji kafin ya koma gida mako mai zuwa, ya kuma bar wa surukinsa birgin. Birgi fa, Anti, a tafkin Lawban!

In na faɗa masa, ina tsoron ya koma bakin taga, ya tafi gida da baƙin cikin cewa ya kunyata mu a ƙasar mutane. In na yi shiru, mijina zai rasa wuri ɗaya tilo da yake samun sukuni. Yayana ya ce in ce an rufe tafkin, ko in laɓe da cewa za a yi ruwan sama. Kuma ni kaina ina son in sani: mene ne daɗin kama kifi a sake shi? Akwai hikima a ciki da ban gano ba, ko kuwa wasan masu ƙoshi ne kawai?

'Yar Masunci, Dengfeng

*

Wa alaikumus salam 'Yar Masunci. Allah ya ji ƙan Inna, ya sa ta huta. Na yi dariya a wajen tanar roba, amma da na zo kan birgin nan sai da idona ya kawo ruwa.

Bari in fara da shawarar yayanki: ki ajiye ta gefe. Garinku ba ya riƙe alkawarin ruwa ko rana, ke da kanki kika faɗa. In kika ce za a yi ruwa aka tashi da rana tarwai, me za ki ce? Kuma Salihu da Firdausi sun ga komai, bakin yara ba ya da marfi. Gara Baba ya ji daga bakinki da ya tsinta a bakin jika.

Kowa a cikin maganar nan yana da gaskiyarsa. Baba bai yi komai ba sai abin da ya sani, kuma ba wanda ya gaya masa akasin haka. Maigidanki ya yi abin da tarbiyya ta koya masa, ya bi ta hannunki, ya kuma je ya ba da haƙuri ba tare da ya ɗaga miki murya ba. Wannan ki riƙe shi a ranki. Lawban ma an yi masa ɓarna a dukiyarsa ya yafe. Saƙon a hannunki ya maƙale, don haka ke za ki isar da shi, kuma ki fara da cewa an ba ki saƙo tun farko nauyin baki ya hana ki. Hakan zai sauke wa Baba rabin kunyar.

Tambayarki kuwa, amsarta tana gidanku. Tafki ƙarami ne, masu zuwa da yawa. In kowa ya tafi da abin da ya kama, balle a wannan lokaci da kifin ke matsowa gaɓa da ƙwai, baɗi ba za a samu ko ɗaya ba. Mijinki kuma ba miya yake nema a can ba, wurin da waya za ta bar kunnensa yake nema. Ko ya dace a kama kifi don nishaɗi kawai, wannan ki tambayi malamai, ni ba malama ba ce. Amma ki tuna, a wurare da dama a ƙasarmu akan rufe ruwa, ba mai jefa koma sai Sarkin Ruwa ya buɗe. Baba ya fi ni da ke sanin wannan.

Ta nan za ki shigar masa. Kar ki ce masa wai a China ana kama kifi a saki, zai ji abin kamar shirme. Ki ce masa ruwan a rufe yake, mai shi yana kiwon iri ne, abin da aka yarda kawai a gwada hannu a mayar. Ki duba abin da ya yi ranar: kifi mafi girma ya ɗauka da hannu biyu ya miƙa wa mai ruwa. Mutumin da ya san wannan haƙƙin ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kina tsoron zai karaya don an hana shi kifi, ni kuwa ina ganin abin da zai fi yi masa ciwo shi ne ya gane daga baya cewa 'yarsa ta bar shi ya shiga ruwan wani sau biyu ba da izini ba. Zai ji kunya, ba shakka. Ki kai masa shayi, kar ki cika shi da ban haƙuri. Kuma ki gaya masa kifin ba kuɓuce wa surukinsa suke yi ba, bawan Allah ya sha zargi haka nan.

Ki yi maganar tun yau, kar ki bari sai Asabar. Sannan ki ce maigidanki ya bincika, akwai tafkunan da ake kamawa a auna a tafi da shi gida. Ku kai Baba can wata rana kafin ya tafi, ya cika firjin da ya yi niyya. Amma Lahadin nan ku koma wajen Lawban, ko da yayyafi ake yi, ku ɗauki lema da rigunan sanyin yara. Wannan karon ki shimfiɗa tabarmarki kusa da Baba.

Birgin kuwa kar ki hana shi ƙarasawa. In ya ji gaskiyar magana, ki tambaye shi abin da masunci ke yi in ya shiga ruwan wani bisa kuskure, sai ki ja bakinki ki yi shiru. Ina kyautata zaton da kansa zai naɗe birgin nan ya miƙa wa Lawban da hannu biyu, kamar yadda ya miƙa kifin. Wannan karon ina sa ran Lawban zai karɓa.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya ya mayar da shi Yauri da farin ciki, ya ba maigidanki sauƙi, ke kuma ya sassauta miki nauyin baki.

Anti Saude