Fatar saniyar da ta raba gardamar karatun Nasiru

Yaya Hamidu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Hajiya, da sauƙi? Mu nan Garwa lafiya lau, sai zafi.

Ka san tun da ɗana Nasiru ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, muke ta ja-in-ja. Ni ina so ya karanci shari'ar laifuka ya zama alƙali a kotu, shi kuwa ya kafe sai binciken kimiyya, irin na masu duba jini da zanen yatsa. Na ce masa, jinin da muka gada a mayanka bai ishe mu ba?

To, ranar Laraba wani makiyayi daga Ngong ya zo da jandarma. An sace masa saniya, ya kuma gane fatarta a cikin fatunmu na mayanka. Mahauta muka yi ta rantse-rantse. Nasiru ya shimfiɗa fatar, ya juya ta. Can ya ce, "Baba, bahago ne ya feɗe wannan, dubi yadda wuƙar ta karkata." Mu kuwa duk mayankar babu bahago. Aka koma kan wanda ya sayar mana da fatar, shi ya kai su ga ɓarawon.

Yaya, shekara talatin ina fiɗa, amma ban taɓa lura da haka ba. Da kaina na raka shi ya kai takardun neman karatun kimiyyar, kuma hankalina kwance yake.

Ku sa shi a addu'a. A gaida Hajiya da yara. Alƙalin gidanmu kuwa, sai ka fara lallashin autanka Sani.

Ƙanenka,
Ɗanladi