Munduwar Inna Ta Bar Min Kore

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya jikinki, ya maigida da yara? Mu lafiya lau a Roni.

Na kai wa wani maƙeri a Kazaure munduwar azurfar marigayiya Inna, ya narkar, ya ƙera min mai ganyen zogale, irin wadda nake hasko wa amaren littattafaina. Ta yi kyau matuƙa. Kwana uku kacal, ta bar min kore a hannu.

Na koma, ya ce, "Hajiya, abin da kika kawo na narkar." Bai kalle ni ba.

Ke kin sa ta da bikinki, ta yi miki haka? Ko shi ya musanya, ko Inna ta rasu tana zaton azurfa ce.

A sa ni a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Zainab